Baƙin da Ba Su Zama Raɓa Ba: Nazarin Rayuwar Ken da Jocelyn Elliott a Djibo

A daren Juma'a, 15 ga watan Janairu na shekarar 2016, hankalin duniya ya karkata ga birnin Wagadugu, inda 'yan bindiga suka afka wa gidan cin abinci na Cappuccino da otal ɗin Splendid suka kashe mutum 30. A cikin wannan dare ne kuma, can arewacin ƙasar Burkina Faso, kimanin kilomita 200 daga babban birnin, wasu mutane ɗauke da makamai suka shiga gidan wani dattijon likita da matarsa a garin Djibo, suka tasa su gaba, suka nausa da su cikin hamada. Sunan likitan Ken Elliott, yana da shekara 81 a lokacin, sunan matarsa kuma Jocelyn. Dukansu 'yan asalin yammacin Ostireliya ne, Kiristoci ne 'yan mishan, kuma sun shafe fiye da shekara 40 suna zaune a wannan gari na Fulani wanda kusan dukan mutanensa Musulmi ne.

Yawancin waɗanda suka san sunan waɗannan ma'aurata ta dalilin sace su suka san shi. Amma wanda yake son ya gane lamarin, dole ne ya koma baya ya dubi shekarun da babu ɗan jaridar da ya taka Djibo saboda su, domin abin da ya biyo bayan wannan dare, musamman yadda mutanen garin suka tashi tsaye a kansu, ba ya fahimtuwa sai an san irin zaman da aka yi kafin nan.

Ken Elliott ɗan manoma ne. Ya bar makaranta tun yana matashi ya kama aikin gonar gidansu, daga baya ne ya koma karatu har ya zama likita. Bayan ya yi aiki a ƙasarsa na 'yan shekaru, shi da matarsa suka taho Afirka ta Yamma a shekarar 1967, suka fara sauka a Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, inda suka yi aikin asibiti tare da ƙungiyar mishan ta SIM, wadda mutanen arewacin Nijeriya suka sani a matsayin tushen ikkilisiyar ECWA, mutanen Nijar kuma suka san ta da asibitin Galmi. A shekarar 1972 suka koma Djibo, lokacin ana kiran ƙasar Haute-Volta, domin sai a 1984 ne Thomas Sankara ya sauya mata suna zuwa Burkina Faso.

Lokacin da suka zaɓa da wurin da suka zaɓa duk abin lura ne. Djibo ita ce hedkwatar lardin Soum, tsohuwar ƙasar Fulanin Jelgoji, kusa da iyakar Mali, gari ne na makiyaya da aka san shi da babbar kasuwar dabbobi. Sun iso ne daidai lokacin da babban farin nan na farkon shekarun 1970 yake cin yankin Sahel, shanu suna faɗuwa a kan hanya, mutanen da suka saba dogaro da nono da gero suna barin rugagensu suna kwararowa garuruwa. A irin wannan yanki, mutumin da hanjinsa ya murɗe, ko macen da naƙuda ta yi wa tsawo har jariri ya maƙale, ba su da abin yi sai dai a ɗora su a kan amalanke ko a bayan wata tsohuwar mota a kama doguwar hanyar da ba ta da kwalta, kuma da yawa a hanyar suke cikawa. Wannan giɓi ne ma'auratan suka zo su toshe. Suka fara da ɗan abin da ke hannunsu, suna ƙara ɗaki a kan ɗaki, Ken yana amfani da basirar hannu da ya koya a gona wajen gini da gyare-gyare, har wurin ya zama asibiti mai gadon kwanciya 120.

Rayuwarsu ta yau da kullum ba ta da wani ado da za a ba da labarinsa, kuma a ganina a nan ne nauyin lamarin yake. Ken shi kaɗai ne likitan tiyata a asibitin. Rahotannin da aka buga a lokacin da aka sace su sun ce yakan yi tiyata kusan 150 a wata, wato a kowace ranar aiki sai ya yi wa mutum biyar ko shida aiki, kuma ya ci gaba da hakan har ya haura shekara 80. Ayyukan su ne irin waɗanda duk wanda ya taɓa jinya a asibitin karkara ya sani: ƙaba da gwaiwa, tsakuwar mafitsara, ƙari iri-iri, da ciro jariri idan haihuwa ta gagara. Ba a zaɓen aiki a irin wannan wuri, domin wanda aka mayar ba shi da wata ƙofa da zai ƙwanƙwasa. Marasa lafiya suna zuwa daga ƙauyukan Soum, wasu ma daga ƙetaren iyaka, kuma mafi yawansu talakawa ne waɗanda dukiyarsu ba ta wuce 'yan awaki ba. Shi ya sa sunan da ya bi shi a bakin mutane shi ne likitan talakawa.

Mai karatu zai lura cewa sunan miji ya fi fitowa a labarin, kamar yadda ya fi fitowa a jaridu. Wannan ba adalci ba ne ga Jocelyn. Asibitin da likitansa ɗaya ne ba ya tafiya da wuƙar tiyata kaɗai. Akwai gida da za a riƙe, akwai 'ya'ya da za a rena nesa da dangi, akwai ma'aikata 'yan ƙasa da za a zauna da su lafiya, akwai kuma hidimomin asibiti na bayan fage waɗanda idan suka tsaya kwana ɗaya komai ya tsaya. Mutumin da ke tsaye a kan marar lafiya sa'o'i da yawa kowace rana, shekara da shekaru, ba zai iya ba sai da wadda ta ɗauke masa sauran kayan. Tare suka zo, tare suka tsufa a garin, tare kuma aka sace su, kuma da aka sake ta, kamar yadda za a gani, da bakinta ta nuna cewa aikin nata ne kamar yadda yake nasa.

Batun bangaskiyarsu yana buƙatar a faɗe shi yadda yake, ba tare da rufa-rufa ba. Ba su taɓa ɓoye cewa Kiristanci ne ya kawo su ba, kuma Ken ya bayyana cewa manufarsu ta wuce warkar da jiki, suna so ne mutane su ga ƙaunar Allah ta hanyar aikin magani. Akwai Musulmi da yawa, a Nijeriya da Nijar da sauran wurare, waɗanda ke kallon asibitin mishan da shakku, suna ganin magani ƙugiya ce da aka lulluɓe da abinci, kuma wannan shakku yana da tarihinsa tun zamanin Turawan mulkin mallaka. Ba na ganin daidai ne a yi watsi da wannan damuwa kamar ba ta da tushe, domin mutumin da ciwo ya kayar yana cikin rauni, kuma duk wanda ya yi amfani da raunin marar lafiya don ya juya masa zuciya ya ci amana. Sai dai a lamarin Djibo muna da ma'auni da ya fi zato ƙarfi. Bayan fiye da shekara 40 da asibitin, Djibo tana nan garin Musulmi, da limamanta da masallatanta da makarantun allonta, kuma waɗannan Musulmin ne, waɗanda aka yi wa iyayensu da matansu da 'ya'yansu aiki a hannun wannan Kirista, suka fi kowa ɗaga murya da aka ɗauke shi. Da a ce ana sayar musu da lafiya da farashin addininsu, da su ne za su fara sani.

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, wato komai daɗin zama da shi, hantsi na yi zai ɗauke. Yankin Sahel ya ga irin wannan raɓa da yawa: ma'aikatan agaji da ke zuwa da kwangilar shekara biyu ko uku, su yi iya ƙoƙarinsu, su tafi kafin su iya gaisuwa da harshen gari. Ba aibu ba ne, tsarin aikinsu ke nan. Abin da ya bambanta waɗannan ma'aurata shi ne tsawon zama. Jaririn da aka ciro a asibitin a shekarun farko ya girma ya kawo tasa matar haihuwa a wuri guda, a hannun mutum guda. Sun ga juyin mulki bayan juyin mulki, sun ga zamanin Sankara da na Blaise Compaoré daga farkonsa har faɗuwarsa a 2014, ba su gusa ba. Idan ana neman inda bangaskiyarsu ta bayyana a fili, ni dai a wannan zama nake ganinta, fiye da duk wata kalma da suka furta, domin a shekarun da tsaransu suke hutawa a birnin Perth na yammacin Ostireliya kusa da jikoki, su suna tashi da asuba cikin zafin Sahel su nufi ɗakin marasa lafiya.

Alamun haɗari kuwa sun bayyana tun kafin 2016. A shekarar 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye da masu iƙirarin jihadi, kuma iyakar ba ta da nisa da Djibo. A watan Afrilun 2015 aka sace wani ɗan ƙasar Romaniya mai suna Iulian Ghergut a wurin haƙar ma'adinai na Tambao, a arewacin Burkina Faso. Duk Baturen da ke yankin ya san cewa fatarsa ta zama haja mai tsada. Duk da haka ma'auratan suka ci gaba da zama a gidansu.

A nan ne nazarin ya fi wuya, kuma ban ga amfanin a sauƙaƙa shi ba. Wani zai ce ganganci ne dattawa biyu su zauna a bakin wuta, su jefa kansu da 'ya'yansu cikin tashin hankali, su kuma ba masu garkuwa da mutane abin ciniki. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma manyan ƙungiyoyin mishan da na agaji kan janye ma'aikatansu bisa irin wannan lissafi. Amma akwai ɗaya ɓangaren lissafin da ba a cika sa shi a sikeli ba. Idan likita guda ne ke yin tiyata kusan 150 a wata, to kowane wata da ya ƙara a garin rayuka ne da za a iya ƙirgawa, kuma ranar da ya tafi don ya tsira da ransa, matar da za ta zo da doguwar naƙuda gobe ba ta da inda za ta gudu. Sun auna duka biyun, suka zaɓi zama da idonsu buɗe. Ba zan iya cewa kowa ya yi koyi da su ba, amma kuma ba zan yarda a kira zaɓin nasu wauta ba.

Reshen ƙungiyar Alƙa'ida na yankin Magrib ne ya ɗauki alhakin sace su, abin da ya faru kimanin makonni biyu bayan rantsar da sabon shugaban ƙasa Roch Marc Christian Kaboré. Martanin mutanen Djibo ya zo da sauri. Suka fito kan tituna, har da ɗalibai, suna neman a dawo musu da likitansu, suka buɗe shafi a Facebook domin yaɗa kiran, mutane suna rubuta yadda aka ceci ransu ko na wani nasu a asibitin. Bayan kimanin mako uku, ƙungiyar ta ce ta saki matar ba tare da wani sharaɗi ba, tana mai cewa shugabanninta sun hana sa mata cikin yaƙi. A farkon watan Fabrairu Jocelyn ta bayyana a garin Dosso na Jamhuriyar Nijar tare da shugaba Mahamadou Issoufou, wanda gwamnatinsa ta shiga tsakani. Da ta isa Wagadugu ta gana da shugaba Kaboré, abin da ta faɗa wa 'yan jarida shi ne burinta a sako mijinta su koma Djibo su ci gaba da aikinsu. Mace ce da ta fito daga hannun 'yan bindiga kwana biyu da suka wuce, amma garin da aka sace ta ne take kira wurin komawa.

A watan Nuwamba na wannan shekara gwamnatin Burkina Faso ta ba Ken takardar zama ɗan ƙasa alhali yana tsare. A watan Yulin 2017 ya bayyana a wani faifan bidiyo da masu garkuwar suka fitar tare da wasu mutum biyar 'yan ƙasashen waje, dab da ziyarar shugaban Faransa Emmanuel Macron zuwa Mali. Daga nan sai shiru mai tsawo. Jocelyn da 'ya'yansu sun sha fitowa suna roƙon a ji tausayin tsufansa a sake shi, ba su yi zagi ba, ba su yi barazana ba. Wannan jira ma wani ɓangare ne na rayuwar ma'auratan da ba a cika ambata ba: dattijuwa ta kwana ta tashi fiye da shekara bakwai tana addu'a a kan mijin da ya haura 80 kuma yana kwana a kan rairayi.

Abin da ya same shi a tsare, shi da kansa ya ba da labarinsa a shekarar 2024, a wata hira da gidan talabijin na ABC na Ostireliya da kuma a taron Kiristoci. Ya yi shekaru a tsare tare da Iulian Ghergut, ɗan Romaniyan da aka riga shi kamawa. Ya sha zafin rana da sanyin dare, kunama ta harbe shi sau da dama, kuma rashin abinci mai gina jiki ya jawo masa cutar ƙarancin bitamin C har ƙafafunsa suka kumbura tafiya ta gagare shi. Ga likita wanda ya san sunan cutarsa, ya san maganinta ba shi da tsada, amma babu halin samunsa sai yadda masu tsaronsa suka ga dama. Ba a ba shi Littafi Mai Tsarki ba, sai ya dogara da ayoyin da ya haddace tun da can. An neme shi ya bar addininsa, ya ƙi, bai kuma yarda ya yi musuluntar baki don ya sami sassauci ba. Da aka tambaye shi ko ya taɓa jin Allah ya yashe shi, ya amsa cewa bai taɓa ji ba. Musulmin da ya san cewa babu tilastawa a addini, ya kuma san darajar wanda ya riƙe abin da ya gaskata a lokacin tsanani, zai gane wannan tsayuwa ko da bai yi tarayya da shi a aƙida ba.

Akwai rauni guda a cikin aikin nasu wanda ƙaunar da nake yi wa labarin ba za ta hana ni faɗa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a Djibo hannu ɗaya ne ya riƙe wuƙar tiyata fiye da shekara 40. A daren da aka ɗauke Ken, ginin yana nan, gadaje 120 suna nan, ma'aikata suna nan, amma babu wanda zai shiga ɗakin tiyata ya maye gurbinsa. Ba laifinsu kaɗai ba ne, domin samun ƙwararren likita, ɗan ƙasa ko baƙo, wanda zai yarda ya binne rayuwarsa a gari mai nisa da ƙaramin albashi abu ne da ya gagari gwamnatoci ma. Sai dai idan aka dubi Galmi, wadda aka buɗe tun 1950, za a ga cewa likitoci sun zo sun tafi, asibitin bai tsaya ba, saboda yana da ƙungiya a bayansa kuma ya shiga aikin horar da likitocin tiyata 'yan Afirka. Kusancin da ya sa mutanen Djibo suka ɗauki asibitin tamkar gidan wani dattijonsu, shi ne kuma ya sa ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Ko da 'yan bindiga ba su zo ba, tsufa yana tafe, kuma tambayar wa zai gaje shi tana nan tana jira.

Yayin da yake tsare, garin da ya bari ya canza kama. A watan Disamban 2016 ƙungiyar Ansarul Islam, wadda wani mai wa'azi ɗan yankin mai suna Ibrahim Malam Dicko ya kafa, ta kai hari a Nassoumbou ta kashe sojoji 12, daga nan lardin Soum ya zama cibiyar rikicin ƙasar. A watan Agustan 2020 aka sace babban limamin Djibo, Souaibou Cissé, aka tsinci gawarsa bayan 'yan kwanaki, abin da ya nuna cewa wutar da ta fara da baƙo Kirista ba ta bar jagoran Musulmin garin ba. Tun daga watan Fabrairun 2022 masu ɗauke da makamai suka yi wa Djibo ƙawanya, garin ya cika da waɗanda suka gudo daga ƙauyuka, abinci ba ya shiga sai da rakiyar soja ko ta jirgin sama. A ranar 26 ga Satumban 2022 aka far wa ayarin motocin da ke kai wa garin kaya a Gaskindé, aka kashe sojoji da fararen hula, kuma kwana huɗu bayan haka Kyaftin Ibrahim Traoré ya karɓe mulki a Wagadugu.

A watan Maris na 2023 aka saki Jeffery Woodke, Ba'amurken ɗan mishan da aka sace a Abalak ta Nijar tun Oktoban 2016. Bayan wata biyu, ranar 19 ga watan Mayu, ministar harkokin wajen Ostireliya Penny Wong ta sanar da cewa Ken Elliott ya kuɓuta, kuma ya riga ya haɗu da Jocelyn da 'ya'yansu a gida. Yana da shekara 88, ya yi shekara bakwai da wata huɗu a tsare. Iyalin suka fitar da gajeriyar sanarwa suna gode wa Allah da duk waɗanda suka yi ta yi musu addu'a, suka roƙi a ba shi lokaci ya huta ya maido da ƙarfinsa. Abokin zamansa ɗan Romaniya ya fito a watan Agusta na wannan shekara. Komawa Djibo da Jocelyn ta yi fata a gaban 'yan jarida a 2016 ba ta yiwu ba, domin a ranar da mijinta ya sauka a Perth, hanyar da ta tashi daga Wagadugu zuwa garin ta fi shekara guda a toshe.